Me ake kallo a hoton ɗakin da babu kowa?

Tambayar ta fito ne daga wani tsohon ɗalibina, ɗan Runjin Sambo, wanda na koya wa zane a sakandare. Yanzu likita ne, an tura shi kwas na wata uku a birnin Kofenhagen na ƙasar Danmak. Ga abin da ya rubuto, na ɗan taƙaita:

"Malam, ranar Asabar abokan aikina sun kai ni babban gidan zane na ƙasarsu. Akwai wasu hotuna da suke ji da su ƙwarai. Na je na tarar hotunan ɗakuna ne zalla, toka-toka kamar sun koɗe: ƙofa, taga, tebur, wani lokaci mace ta ba da baya. Mutane tsaye jugum kamar wurin zaman makoki. Minti goma na fito. Suka ce yaya na gani, na ce da kyau, alhali ban ga komi ba. Saura mako biyu in dawo Sakkwato. In koma ne, ko dai abin nasu ne ba namu ba? In kuma zan koma, me zan kalla?"

Likita, ka koma. Gajeruwar amsa ke nan. Doguwar kuma sai ka gyara zama, ka san ni ba a tambayata hanyar Kware in tsaya ga nuni da baki.

"Da kyau" ɗin da ka ce musu bai dame ni ba, ladabin baƙo ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne "nasu ne ba namu ba", don a ganina duk cikin waɗanda suka tsaya a ɗakin nan ranar, babu wanda ya kai ka cancantar gane hotunan. Kai ne ka tashi a garin da buda ke rufe shi wata biyu zuwa uku duk shekara, ka yi karatun allo a zaure. Idon yana nan gare ka, ba ka dai shiga da shi ba.

Daga yadda ka kwatanta, gidan da aka kai ka shi ne wanda suke taƙaita sunansa SMK, mai zanen kuma a jikin bango za ka ga an rubuta Vilhelm Hammershøi. Ni Hamashoi nake ce masa, harshena ya huta. A Kofenhagen aka haife shi a 1864, can kuma ya mutu a 1916, ciwon daji na maƙogwaro ya kashe shi. Ya auri Ida Ilsted a 1891, ba su haihu ba, ita ce matar da kake gani ta ba da baya a yawancin hotunan. A 1898 suka tare a wani tsohon gida, lamba 30 a titin Strandgade, unguwar Christianshavn, suka yi wajen shekara goma a ciki. A cikin 'yan ɗakunan nan ya zana hotuna sama da 60. Ƙofofin dai su ne, tagar ita ce, tebur da kujera da fiyano su ne. Babban mai sayen aikinsa kuwa ɗan'uwanku ne a sana'a, wani likitan haƙori mai suna Alfred Bramsen, saboda haka kada ka ce aikin asibiti ne ya hana ka gani.

Abu na farko da ya cuce ka shi ne sauri. Tuna yadda ake shiga zaure da azahar a watan Afrilu. Ka fito daga ranar da ke kashe ido, ka yi sallama, an amsa, amma mai amsawar ba ka gan shi ba, duhu ne dulum. Mai hankali sai ya tsaya a bakin ƙofa. Can sai tabarma ta fito, sai buta, sai alluna a jingine, sai fuskar Malam, har ka ga zanen makuba a bango. Babu wanda ya kunna fitila, idonka ne ya washe. Wannan kai za ka koya mini: ƙwayoyin ido masu ganin launi suna bukatar 'yan mintuna kafin su saba da ƙarancin haske, masu ganin dare kuma sai sun yi minti 20 zuwa 30. Ranar tsaka a fili tana kaiwa luks 100,000 a ma'aunin haske, gidajen zane kuwa suna riƙe hasken hoton fenti wajen luks 200, na takarda wajen 50, don haske yana cin launi. Ba ina cewa ɗakin nunin duhu ne ba. Ina cewa ido da ya wuni yana kallon waya da allunan talla ya saba da ihu, in aka yi masa raɗa ba ya ji sai ya natsu. An taɓa auna masu kallo a gidan zane na Metropolitan a birnin New York, aka buga sakamakon a 2001: a matsakaici, sakan 27 mutum ke yi gaban hoto. Sakan 27 ya ishi hoton doki a filin daba, ka ga jan alkyabba, ka ga ƙura, ka wuce. Hoton Hamashoi a sakan 27 ko amsa sallama bai yi ba.

Ni ma haka ta faru da ni, kada ka ga ina cika baki. A 2008 wani aiki ya kai ni Landan, na yi dace ana baje kolin hotunansa a gidan zane na Royal Academy. Na zagaya ɗakunan fuu, ina lissafin kuɗin tikitin da na yi asara. Sabon takalmi ne ya cece ni. Ya matse mini ɗan yatsa, dole na nemi benci na zauna, kuma bencin yana fuskantar hoton wasu fararen ƙofofi. Tunda babu abin yi, sai na zuba musu ido. Ƙofar da na ɗauka fara ce fat, sai na ga ɓangaren da haske ya taɓa yana da ɗan ruwan ƙwai kamar man shanu, inda ya juya wa haske baya kuma ya yi sanyi, ya karkata wajen shuɗi. Daɓen katakon da na ɗauka baƙi ne sai ya soma nuna hoton ƙofar dishi-dishi, kamar randa ta nuna fuskar mai leƙe. Sai da mai gadi ya soma kallona na tashi.

Abu na biyu ya fi sauri zurfi, kuma namu ne, Bature ba zai gaya maka shi ba. Mu a wurinmu ɗakin mace cike yake. Jere ne tun daga ƙasa har rufi: tasoshi, fanteka, kumbo, langa, samira, daga baya aka koma tangaran da kabet mai gilashi. Ɗakin amarya shaida ne a kan iyayenta, dangin miji suna shiga ne su ƙirga da ido. Ɗakin da aka share kuwa ɗayan uku ne: talauci, ko mutuwa, ko aure ya mutu an zo an kwashe kaya. Da na dawo da littafin hotunan daga Landan, Inna, Allah ya jiƙanta, ta karɓa tana buɗawa. Ta tsaya kan wani shafi ta daɗe, sannan ta ce, "Wagga mata sakin ta anka yi? Ina kayan ɗakinta?" Na yi dariya a lokacin, amma daga baya na gane ta faɗi abin da cikina ya fara ji ne. Zaman makokin da ka ambata ba a fuskar mutanen ka gan shi ba, daga gida ka tafi da shi.

To ka sani, ba rashi ne ya share ɗakunan nan ba. Ɗan gidan masu hali ne, kuma a zamaninsa masu kuɗin Kofenhagen jere suke yi irin nasu: labule kan labule, kujeru masu tuntu da geza, hotuna ko'ina a bango, ba masaka tsinke. Shi ya zaɓi tsohon gida mai fararen ƙofofi, kuma ko ɗan abin da ke ciki yakan kawar in zai yi zane, ya bar tebur ɗaya, kujera ɗaya, kwano ɗaya. Masu tantance hotuna na lokacin ba su ji daɗinsa ba, sun sha mayar masa da aikinsa, har abin ya shiga cikin dalilan da suka sa wasu masu zane suka ɓalle suka kafa nasu baje kolin mai zaman kansa a 1891. Saboda haka idan ka shiga, ajiye ɗakin amarya a ƙofa. Ɗauki zaure. Zauren malami babu jere, tabarma ce da buzu da buta, kuma babu wanda ya taɓa shiga ya ce an yi saki.

Sai maganar koɗewa. Nan ne na fi so ka tsaya. Atamfar da ta koɗe launi ta rasa, ko'ina ta yi fayau iri ɗaya. Amma ɗauki rigar tsamiya ta tsofaffinmu. Ba ja ba ce, ba fara ba, launin ƙasa-ƙasa ne mai toka, ga shi ba ta ƙyalli, amma mai ita ba ya musanya ta da shadda goma. Ko ka duba fararen manyan riguna ranar Juma'a a masallacin Sarkin Musulmi Bello: farin zare a kan farin yadi, aska takwas ko aska biyu, daga nesa ba ka ganin aiki, sai mutum ya juya haske ya kwanta a ƙirjin rigar sannan ɗinkin ya tashi. Mai sayar da shadda a kasuwa zai shimfiɗa maka fari biyar ya rantse ba ɗaya ba ne, kuma gaskiyarsa: wannan ya yi ruwan madara, wancan an sa masa bula, wancan ya karkata ga toka. Mutanen da suka iya wannan bambancewa ba su da hujjar cewa hoton toka ya fi ƙarfinsu.

A aji na sha nuna muku, ko da yake na san kai lissafi kake yi a ƙarƙashin tebur. Toka iri biyu ce. Akwai wadda ake samu in an zuba baƙi cikin fari, ita ce matacciya, launin bulon siminti. Akwai kuma wadda ake samu in an haɗa launuka masu gaba da juna, shuɗi da ruwan lemo, ko ja da kore, su kashe kaifin juna, a tausasa da fari. Wannan tana da rai, domin launukan suna nan a ciki, murya kawai suka sassauta. Sannan launi ba ya zama shi kaɗai, maƙwabcinsa yana sauya shi. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Chevreul, shugaban marina ne a masaƙar Gobelins ta birnin Faris. Aka kawo masa ƙara cewa baƙin zarensa ba ya yin baƙi sosai. Ya bincika ya ga rinin lafiya lau yake, zaren da aka saƙa kusa da shi ne ke sauya shi a ido. Ya wallafa bayanin a 1839. Toka kusa da ruwan ƙwai sai ta yi shuɗi-shuɗi, kusa da shuɗi sai ta yi ɗumi. Da wannan Hamashoi yake wasa. Ga dabara mai araha: riƙe farar takarda a hannunka, nesa da hoton don kada mai gadi ya taso, ka daidaita ta da abin da kake zaton fari ne a zanen. Nan take za ka ga "farar" ƙofar ta fi takardarka duhu nesa ba kusa ba, kuma tana da launi. Farinta duk na aro ne, daga duhun da ke kewaye da ita ta samo shi.

Haske kuwa, ka riga ka ji shi a jikinka tunda kana can a wannan lokaci na sanyi. Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, Kofenhagen tana kusa da 56. A ƙarshen Disamba wuninsu awa bakwai ne kacal, kuma rana ko da tsaka ba ta ɗagowa sama da digiri 11 daga ƙasa, alhali tamu a ranar tana haye digiri 50. Ranarsu ba ta dukan ka, ta gefe take shigowa, ta ratsa taga ta miƙe har ƙuryar ɗaki. Mu sai da hantsi ko la'asar sakaliya muke samun irin wannan, shi ma na ɗan lokaci. Akwai hotonsa na 1900 da ake kira rawar ƙura a cikin hasken rana. Bai kai kamu biyu ba, santimita 70 ne a tsaye. Babu mutum, babu kujera. Taga ce, da ƙofa a rufe, da haske da ya keto ya zana gidajen tagar a daɓe. Ka san wannan hasken. Da sanyin safiya a lokacin buda, almajiri yana sharar zaure, rana ta leƙo ta tsagar ƙyaure, sai ka ga igiyar haske a tsaye cikin iska, ƙura tana hawa tana sauka a cikinta, yara suna miƙa hannu su kama. Duk ɗan Sakkwato ya ga wannan sau dubu. Bambancin kawai, mutumin nan ya ga abin ya isa a ɓata makonni a kansa.

Shi da bakinsa, a wata hira da aka yi da shi a 1907, ya nuna cewa layuka ne ke fara jan sa ga abin da zai zana, wato tsarin ginin hoton, sannan haske. To bi layukan. Dubi yadda gefen ƙofa, da firam ɗin bango, da bakin tebur suke yanka hoton gida-gida, kamar yadda azara ke raba rufin soro. Dubi ƙofar da aka buɗe zuwa wata ƙofar, ita ma zuwa wata, ido ya yi ta shiga bai iske kowa ba, kamar baƙon da aka wuce da shi zaure na biyu aka ce ya jira. Kuma layukan ba na rula ba ne, suna ɗan karkacewa yadda tsohon gida ke yi. A nan ne hoton yake numfashi.

Matar da ta ba da baya ita ta fi damun mutane. Mu muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa fuskar ce ya hana mu. Sai ƙeya, da gashi a naɗe, da baƙar riga. Turawa sun yi rubutu mai yawa a kan wannan, wasu sun ce kaɗaici ne, wasu sun ce auren ne babu daɗi. Ni ban saye wannan ba. Zato ne, kuma zaton masu son labari. Kwatanta shi da Vermeer, mai zanen ƙasar Holan da ya mutu a 1675, wanda kowa ke cewa Hamashoi ya sha a rijiyarsa. Matan Vermeer suna zuba madara, suna karanta wasiƙa, kana iya ƙulla musu labari. Hamashoi ya ɗauki tagar da shirun, ya zubar da labarin. Da ya juyo da fuskarta, da ita kaɗai za ka kalla, bango da haske su zama 'yan rakiya. Kuma ni ɗan garin nan, macen da ta kau da kai ga baƙo ba ta ba ni mamaki. Kunya muke ce masa, kuma ba ma fassara shi da baƙin ciki. Ba na cewa abin da yake nufi ke nan, ina cewa kada ka bari a tilasta maka kuka. Batun hukuncin zana mai rai kuma, na san zai zo maka, wannan fagen malamai ne ba nawa ba, ka tambaye su. Abin da zan ce kawai, mafi ƙarfin hotunan nan babu ko kyanwa a cikinsu.

Kada kuma ka ɗauka duk abin da ya zana gwani ne. Yana maimaita kansa, kuma akwai waɗanda in ka tsaya minti goma ba abin da zai taso, tokar ta mutu. In ka ba hoto haƙƙinsa bai ba ka komi ba, wuce abinka, babu laifi. Za ka iya cin karo da hotunan surukinsa Peter Ilsted, da abokinsa Carl Holsøe, su ma ɗakuna suke zanawa. Nasu sun fi daɗin kallo da farko, akwai fure, akwai ɗumi, kamar shayi mai madara da sukari. Nasa ruwan bunu ne. In nasu ya fi yi maka, faɗi gaskiyarka. Za kuma a gaya maka cewa a 2023 an sayar da wani hotonsa a New York kan dala miliyan 9 da ɗoriya. Wannan labarin kasuwa ne, bai ƙara wa hoton ko ɗigon haske ba.

Yadda za ka yi shi ne, ka tafi kai kaɗai, don mai rakiya yana sa ka nemi abin faɗi. Kada ka je ranar Litinin, a rufe suke. Ka ci abinci tukuna, mai jin yunwa ba ya kallon bango. Zagaya sau ɗaya, zaɓi hoto uku kacal, ba kowanne minti goma. Fara daga nesa ka gano ta ina haske ya shigo, matso ka ga sawun buroshi, gajeru ne a jere kamar saƙar tabarma, sannan ka ja da baya ka ga sun narke. Takardar bayanin da ke gefe, bar ta sai ƙarshe. Waya kuma ta zauna a aljihu, domin kyamararta gyara take yi ba a sa ta ba, tana ƙara wa fari fari da baƙi baƙi, ta kashe ainihin abin da ka je gani. A SMK nemi hoton 1901 mai hasken rana a daɓe, Ida na zaune kusa da taga. Na rawar ƙura yana gidan zane na Ordrupgaard, arewa da birnin kaɗan. Hoton buɗaɗɗun fararen ƙofofi na 1905 kuma yana wani gidan da ake kira Davids Samling, kuma can ina so ka je ko don wani dalili: gidan yana da tarin kayan fasahar ƙasashen Musulmi mai yawan gaske, rubutun Alƙur'ani na dā, da tangaran, da darduma, kuma shiga kyauta ne. Sai dai ka duba shafinsu na intanet kafin ka fita, don hotunan nan suna yawon aro zuwa wasu ƙasashe.

Za ka sauka a Sakkwato buda ta kankama. In ka huta, zo gida bayan la'asar, lokacin da rana ke shigowa zaurena ta ƙofar yamma ta kwanta kan buzu. Kawo mini katin hoton ƙofofin nan daga shagon gidan, nawa na Landan jikoki sun yaga shi. Kuma tambaya ɗaya zan yi maka, ka shirya mata kamar jarrabawa: inuwar da ke ƙarƙashin ƙofar, wane launi ce? In ka ce mini baƙa, sai ka biya kuɗin goron.